Ranar da Na Yanka wa Kwamfutata

Kowace Asabar da hantsi nakan saka kwamfutata a jaka, in fito daga Harobanda, in tsallaka gadar Kennedy zuwa Gaweye. Ƙawayena na ɗakin kwana sun daɗe da laƙaba wa tafiyar suna: da sun ga na rataya jakar sai su ce za a kai jaririya awo. Ban taɓa musa musu ba, domin kusan hakan ne. Akwai wani ofishi ba nisa da bakin kogi inda kawuna yake aikin lissafin kuɗi, kuma yakan shiga ranar Asabar ya ƙarasa abin da mako ya bar masa. Ofishin yana da injin wuta, wanda mu nan muke kira gurup, da intanet da ba a ƙidaya wa mutum abin da ya sha. Da izinin shugabansu nake zama a wani tebur na kusurwa, in jona na'urar, in ba ta dama ta nemi duk abin da take son nema. Sauran kwana shida na mako kuwa bakinta a ɗaure yake.

Sai da na sha wuya sau biyu, ta fuskoki biyu masu kishiyantar juna, kafin na kai ga wannan tsari. Don ƴan'uwana ɗalibai da yanzu suka fara tattara bayanan kundinsu nake ba da labarin, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Kundin digirina na biyu a kan karin sauti ne a Hausar Arewa, wato ta yankin Dogondutsi. A lokacin sanyin farkon 2023 na je can na ɗauki muryar mutum goma sha ɗaya. A cikinsu akwai wata tsohuwa, aminiyar kakata, wadda duk zuri'armu muke kira Iya. Ta yi mini tatsuniyoyi, ta ba ni labarin aurenta, sannan ta haƙura da jerin kalmomin da na sa ta maimaitawa. Na tuna ranar da na sa ta faɗi kuka ta miya da kuka na hawaye sau biyar-biyar, ta dube ni ta ce, "Ke ƴar nan, boko ne ya toshe miki kunne?" Duk waɗannan muryoyi na kwashe su daga na'urar ɗauka na zuba a wata babbar kile, domin kwamfutata ta hannu ce, cikinta ba shi da faɗi. Katin na'urar ɗaukar kuma na goge shi na mayar wa mai shi. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: wuri ɗaya tak muryar Iya take a duniya.

Kowa a Yamai yana tune da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Mafi yawan wutar da muke sha daga can take zuwa, don haka sai zaman ya koma na jira: a jira wuta ta zo, a yi rige-rigen jona waya da fanka da kwamfuta, a yi aiki da gaggawa kafin ta koma. A wannan hali ne wata rana da dare na sayi forfen intanet na jika biyu, da niyyar sauko da wasu maƙaloli washegari, na raba wa kwamfuta daga wayata, barci ya ɗauke ni ban kashe ba. Da asuba na tarar babu ko ɗigo. Na'urar ta ga ƙofa a buɗe, ta ɗauka gidan mai wadata ta shiga, ta kwana tana sauko da abubuwan da take bukata. Laifin nawa ne, tun da ban taɓa buɗe shafin saitunanta na gaya mata halin da nake ciki ba, amma a lokacin ban ga haka ba.

Bayan kwana biyu wuta ta zo da azahar. Na buɗe kwamfutar da zumuɗin aiki, sai ga allo yana ƙirga kashi-kashi cikin ɗari, da gargaɗin kada a kashe. Batirinta ba ya kai awa guda. Tana kashi talatin wuta ta tafi. Na zauna gabanta ina kallon lambobin nan suna rarrafe kamar hawainiya, ina lissafin wanda zai riga wani ƙarewa tsakaninsu da batirin, domin na sha jin cewa idan na'ura ta mutu a tsakiyar wannan aiki tana iya ƙin tashi. Ta gama da ƙyar. A yammacin ranar na kai ta wurin wani ɗan ajinmu da ake ganin ya san kan na'ura, na roƙe shi ya raba ni da wannan fitina. Ya shiga can cikin hanjinta ya kashe sashen sabuntawa ɗungurungum. Na yi masa godiya har da sayen lemo.

Wata takwas na yi cikin kwanciyar hankali. A tsakanin nan Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ban samu zuwa jana'iza ba, sai gaisuwa daga baya.

A watan Afrilun 2024, ana tsakiyar zafi, na kai babi na biyu wani shagon buga takardu a kan ƙaramar kile. Na dawo na soka ta a kwamfutata don in gyara wasu kurakurai. Da dare na soka babbar, wadda muryoyin suke ciki. Da na buɗe sai na ga kowace jaka ta koma wata ƴar alama mai kibiya a gindinta, in na danna ba abin da yake buɗewa. Jakar da na sa wa suna "Iya" tana nan, amma fanko. Ba zan iya kwatanta wannan dare ba. Tunanin kundin bai ma zo mini da farko ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na yi alkawarin kai wa ƴaƴanta tatsuniyoyin nan bayan na kammala, su ji muryar uwarsu.

Da gari ya waye na kira kawu ina kuka. Ya ce, "Ƴata, share hawayenki, ki zo da ita Gaweye. Muna da yaro a nan, in abu bai ƙone ba yakan fito da shi." Wannan ne zuwana na farko ofishin. Matashin da yake kula da na'urorinsu ya karɓi kile ɗin, ya soka a wata kwamfuta tasa, ya rubuta layi ɗaya a wani baƙin allo. Sai ga muryoyin sun bayyana, ba wadda ta ɓata. Irin wannan ƙwayar cutar, in ji shi, ɓoye fayiloli take yi ta ajiye alamun ƙarya a gurbinsu, kuma ta kile take yawo daga shago zuwa shago. Sannan ya buɗe tawa kwamfutar ya nuna mini ranar ƙarshe da manhajar tsaronta ta karɓi sabon bayani: Agustan bara. Ya ce, "Ƙanwata, mai gadinki yana bakin ƙofa, amma hotunan ɓarayin da ke hannunsa duk na bara ne." Ashe ta hanyar da ɗan ajinmu ya toshe, ta nan mai gadin yake samun labari.

Na yi sa'a ne kawai. Akwai ƙwayoyin da ba ɓoyewa suke yi ba, kulle fayiloli suke yi da makullin da sai an biya fansa. Mafi shahararsu ita ce WannaCry, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017, ta shiga ƙasashe fiye da 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta labarinta shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi tun 14 ga Maris, wata biyu kafin ɓarkewar. Na'urorin da suka karɓi gyaran nan ta wuce su. Mafi yawan waɗanda ta kama irina ne, masu cewa sai an samu lokaci.

A nan ɗalibar harshe ba za ta iya wucewa ba tare da ta tsaya kan kalma ba. Allunanmu da Faransanci suke magana, suna ce mana mise à jour, wato kawo abu ya yi daidai da ranar da ake ciki. Masu fassara zuwa Hausa kuma sun zaɓi "sabuntawa", kuma ni ma da ita nake amfani a wannan rubutu don ita aka sani. Sai dai ina ganin kalmar tana da hannu a sakacinmu. Bahaushe in ya ji an ce sabunta abu, fenti yake hangowa, ko sabon ɗinki, abin da ake yi don salla ko don baƙi, wanda in babu hali ana iya haƙura da tsohon. To amma mafi yawan abin da yake zuwa wa kwamfuta wata-wata ba ado ba ne, toshe huda ne. Muna kuwa da kalmarsa tun tuni a bakin masu kekuna da babura: faci. Ba wanda zai ce wa mai babur ya bari sai bayan salla ya yi faci. Da tun farko allon ya ce mini "akwai faci guda uku da ke jiranki", ina jin da ban sayi lemon nan ba. Tun da dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, aikin ƙirƙiro irin waɗannan kalmomi zai ƙaru a kan sashenmu, kuma ya kamata mu riƙa tambayar kanmu abin da kalma za ta sa mutum ya aikata, bayan abin da take nufi.

Wancan matashi ne ya zaunar da ni ya nuna mini cewa tsakanin sakin na'ura ta yi yadda ta so da ɗaure ta har abada akwai fili mai faɗi. Abu na farko da na koya shi ne facin yana da rana. Tun Oktoban 2003 Microsoft yake fitar da gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, da hantsin yammacin Amurka, wanda a Yamai yake faɗowa wajen magariba. Wanda ya san wannan ya san makon da zai tanadi wuta da intanet. Ban zaɓi Laraba ba duk da ita ce ta fi kusa, saboda gyaran kansa yakan zo da tasa matsalar. A Oktoban 2018 wata babbar sabuntawa ta Windows 10 ta goge wa wasu mutane fayiloli, har kamfanin ya janye ta bayan ƴan kwanaki. Jiran kwana huɗu yana ba ni damar jin ko an yi ƙorafi a wani wuri. Jiran wata takwas kuwa na riga na ɗanɗana shi.

Saituna uku suka riƙe tsarin. Na farko, na shiga wurin intanet ɗin wayata na kunna abin da allon ya kira connexion limitée, wato na sanar da na'urar cewa wannan ruwan na saye ne da gwangwani. Tun daga nan ba ta sauko da manyan kaya ta wannan hanya, sai abin da ta ga ya zama dole. Na biyu shi ne heures d'activité, awannin da ba za ta sake tashi da kanta ba, kuma ana iya ba ta har awa 18. Masu ƙera waɗannan na'urori sun ɗauka mutum da rana yake aiki, dare kuma na na'ura ne ta yi wankanta. Ɗalibin Yamai a watan Afrilu ya san ba haka ba ne: sai bayan isha'i ɗaki yake sanyin da za a iya tunani a cikinsa. Ni na sa nawa daga goma na safe zuwa huɗu na asuba. Na uku shi ne dakatarwa, wadda take kaiwa kwana 35, kuma in ta cika sai an karɓi abin da ya taru kafin a sake wata. Ita nake amfani da ita in zan tafi ƙauye, ko a makon da zan miƙa babi.

In na isa Gaweye, kafin in taɓa komai nakan kwafi muryoyin da rubutuna zuwa wuri biyu, ɗaya a jakata, ɗaya a aljihun teburin kawu. Daga nan in jona wuta, in danna neman sabuntawa da hannuna. A Asabar uku na wata abin ba ya wuce minti goma, bayanan mai gadi ne kawai. A Asabar da ta biyo Talata ta biyu kuwa yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye, kuma ba na tashi sai ta sake tashi ta gama ƙirgenta a gabana, gurup yana tsaye a bayanmu. Abu na ƙarshe, nakan buɗe shafi in rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, in tabbata madannin Keyman da nake amfani da shi yana nan yana aiki, kuma haruffan Charis ba su sauya ba. Wanda ya taɓa ganin "ƙasa" ta koma akwati da "asa" a cikin shafi sittin zai gane dalili.

Wuya ta biyu kuwa himma ce ta jawo mini ita. Bayan abin da ya faru a Afrilu sai na zama kamar sabon tuba, duk abin da na ga yana da sabuwar siga sai na sauko da ita. Har da Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙera, wadda da ita muke auna amon murya. Ita ba ta sabunta kanta. Ni na je na ɗauko sabuwa na goge tsohuwa. A lokacin na riga na auna muryar mutum shida da tsohuwar. Na ci gaba da sauran biyar, na haɗa jadawali, na kai wa malamina mai duba aikin. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce in sake auna jimla ɗaya ta Iya a gabansa. Lambar da ta fito ta ɗan sha bamban da wadda ke cikin jadawalin. Ya ɗago kai ya ce, "Da wace siga kika auna waɗannan, da wace kuma kika auna waɗancan?" Na ce, "Malam, ai duk Praat ce." Ya yi shiru irin wanda ya fi faɗa zafi.

Da na koma na karanta bayanin sauye-sauyen manhajar sai na ga a sigar 6.4, wadda ta fito a ƙarshen 2023, an shigo da sabuwar hanyar gano amon murya, wadda take tace sautin tukuna kafin ta yi lissafi. Tsohuwar hanyar tana nan ga mai so, an kuma rubuta komai a fili. Ni ce ban karanta ba. A muryar matashi bambancin ba shi da yawa. A muryar tsohuwa mai rawa da ƙarƙara, musamman a ƙarshen jimla inda karin ƙasa yake nutsewa, wurin da hanya ɗaya ta ga amo ɗayar tana iya ƙin gani. Ni kuma ainihin abin da nake nema ke nan: yadda karin sama yake sauka mataki-mataki bayan kowane karin ƙasa har zuwa ƙarshen jimla. Da an bar jadawalin nan, da na danganta wa tsofaffin Dogondutsi bambancin da ya fito daga aljihuna. Mako biyar na yi ina sake awo daga farko, da siga ɗaya da saituna ɗaya. Masu Praat da kansu suna neman duk wanda ya ambace ta ya rubuta lambar siga da ranar da ya sauko da ita, kuma na sha ganin wannan a ƙarshen maƙaloli ina ɗauka ƙa'idar ado ce.

Saboda haka yanzu manhajojina kashi biyu ne. Masu tsaron ƙofa, wato tsarin na'urar da manhajar tsaro da ta shiga intanet, suna zuwa awo kowace Asabar. Ma'aunaina kuwa, Praat da ELAN da nake rubuta maganganu a ciki, ba mai taɓa su sai bayan na kare kundin, kuma lambobin sigarsu suna rubuce a babin hanyoyin bincike, da kwafin kowace a ajiye tare da muryoyin, domin wanda zai so ya bi sawuna wata rana.

Na san ba kowa yake da kawu a Gaweye ba, kuma wannan yana damuna in na ga ƙannenmu na shekarar farko suna ba juna shawarar da aka ba ni. Wasu suna dabara da forfen dare mai rahusa, amma ba kullum dare yake zuwa da wuta ba. Ga roƙona ga malamanmu: da za a ware yammaci ɗaya a wata, a makon da ya biyo Talata ta biyu, a buɗe ɗaki ɗaya mai wuta da intanet, ɗalibai su kawo na'urorinsu. Abin ba zai ci intanet yadda ake zato ba, domin Windows tana da saitin da kwamfutocin da ke kan hanyar sadarwa ɗaya suke raba wa juna abin da ɗayarsu ta riga ta sauko da shi. A zaman nan kuma za a iya duba kile ɗin kowa, a tambayi kowa wuri nawa muryoyinsa suke.

Ni dai tsarina yana da wa'adi. Kamfanin ya daina ba Windows 10 facin da aka saba tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsohuwar kwamfutata ba ta cika sharuɗɗan hawa ta 11 ba. Na gaya wa matashin nan a Asabar da ta wuce, ya ce in bari sai na kare kundin in kawo masa ita ya sa mata Ubuntu, tun da Praat da ELAN duk suna aiki a kanta, ita ma kuma ana iya yanka mata lokacin neman gyara. Kawu yana jinmu daga teburinsa, bai ɗago daga lissafinsa ba ya ce a dai fara kwafe masa tatsuniyoyin Iya a wayarsa, zai je Dogondutsi ƙarshen wata. Na kwafa masa guda bakwai, na haɗa da wurin da take tambayata ko boko ya toshe mini kunne.